Rumbun Na'Allah

Ba a daɗe da sauke tutar Nasara ba ƙanena Tanimu ya dawo Dakoro da takalmi mai ƙara, wai an turo shi bincike daga babbar lakwal, wato makarantar boko, ta Yamai. Karatunsa, in ji shi, yadda kaya ke tashi daga inda suke su isa inda ake bukatarsu kafin lokaci ya ƙure. Na ce masa ai jakin gidanmu ya riga shi sauke wannan karatu. Ya yi dariya, don yaro ne mai haƙuri, ba zan yi masa ƙarya ba.

Daminar da ta wuce ta yi mana gardama. Gwamnati ta tara irin gero a Maradi, amma kamyon ɗaya, babbar motar kaya, aka ware wa yankinmu, kuma ba zai isa kowane ƙauye ba. Aikin Tanimu shi ne ya zagaya ya gano masu iri da marasa shi, malamansa su zana wa kamyon hanya. Wanda aka tsallake, to sai dai ya shuka tsakuwa.

Ƙauyenmu yana bakin hanyar Kornaka. A wurinmu kowane magidanci yana da rumbun iri da yake liƙe bakinsa da laka tun kaka, ba a buɗewa sai ruwan shuka. Mace ba ta leƙa shi. Ni Ramatu, na haifa wa Na'Allah 'ya'ya, na binne wasu, amma ban taɓa ganin cikin rumbunsa ba.

Tanimu ya iso da hantsi, maza na zaune ƙarƙashin aduwa a ƙofar gidanmu. Ina daka, ina jin su. Da zai fara, sai ya fara da mijin yayarsa, wai girmamawa.

"Yaya Na'Allah, akwai iri bana?"

Tsakanin mutum da ƙanen matarsa akwai wasa, kowa ya sani. Maza suka gyara zama suna jiran dariya. Na'Allah ya ce, "Ɗan lakwal, ka ga yayarka ta rame ne? Ga rumbu can, je ka duba ko an taɓa lakarsa."

Tanimu ya je ya zagaya rumbu, ya ga laka lafiya lau, ya dawo. To, bayan Na'Allah ya ce akwai, wane ɗan halak ne zai buɗe baki ya ce babu? Ɗaya bayan ɗaya suka ce alhamdulillahi. Tanimu ya sha fura ya tafi yana murna, wai ƙauyen yayarsa ya fitar da shi kunya.

Na ga kamyon ranar da ya wuce zuwa Ajekoriya, buhuna har sama. Har hannu na ɗaga masa.

Ruwan shuka ya sauka. Na ɗauko ƙwarya na ce, "Maigida, a buɗe rumbu." Ya ce ƙasa ba ta jiƙa sosai ba, sai gobe. Gobe ta zo ya ce sai gobe. Na leƙa waje, sungumin maƙwabta duk suna jingine, ba wanda ya fita gona, ba mai kallon idon wani. Na ɗauki taɓarya na hau rumbun, na fasa lakar da hannuna. Ƙaiƙayi ne a ciki da kashin ɓera.

Ashe tuwon da muka ci duk bazara, da wanda ake kai wa marayun wansa, daga nan yake fitowa. In na tafi rijiya ya ɗiba, ya sake kwaɓa laka ya liƙe. Ni ina cewa daga kasuwar Dakoro yake aunowa.

Na ce, "Me ya hana ka faɗa wa Tanimu?"

Ya ce, "Ƙanenki ne fa, Ramatu. Gaban mutane."

Na tsane shi a ranar, wallahi na tsane shi, kuma tausayinsa ya hana ni zaginsa. Muka roƙo ɗan iri a Kornaka, muka shuka a makare, ruwa ya ɗauke geron bai fid da kai ba. Kafin kaka Na'Allah ya ce zai je ci-rani Najeriya. Sunguminsa yana nan bayan ɗaki har yau.

Tanimu ya zama mushe, wato malamin boko, yana karantar da wasu a lakwal ɗin. Da ya zo gida na zaunar da shi na gaya masa komai. Ya share ido, sannan ya ce, "Yaya, an riga an buga aikin. Da shi aka ba ni wurin." Ashe ƙauyenmu shi ne misalinsa na mutanen da suka iya ajiya.

Wata shekara ya kawo ɗalibansa su ga rumbunan. Suka zagaya na Na'Allah, suna shafa lakar da na mayar don kada kaji su shiga. Da za su hau mota, ya juyo gaban su duka, gaban matan unguwa, ya ce, "Yaya Ramatu, ba kya bukatar komai dai? Akwai abinci a gidan?"

Tun jiya ban ɗora tukunya ba. Na dubi yaran nan masu fararen riguna, na dubi maƙwabta.

Na ce, "Alhamdulillahi, akwai."