Kunun Duna

"Malam Nababa, dan Allah a fitar da karen nan daga gidan nan," in ji Furera daga bakin ɗakin mijinta Sammani. "Liman ya ce mala'ikun rahama ba sa shiga inda kare yake. Ga bawan Allah kwance, rai a hannun Allah."

Nababa ya daɗe bai ji umarni mai daɗin wannan ba. Shi da Sammani danga ɗaya ce tsakanin gidajensu, tare aka yi musu kaciya, tare suka koyi riƙon fartanya. Tun suna samari suka ƙulla cewa duk wanda ajalinsa ya riga zuwa, ɗayan ne zai laƙƙana masa kalmar shahada ya rufe masa ido. Amma tun ranar da Sammani ya tsinto wani baƙin kwikwiyo a hanyar Makoda ya raɗa masa Duna, hirar dakali ta zama ta mutum uku, kuma Nababa ne na ukun.

Abin ya ƙara ƙona masa rai bara, da ƙari ya fito wa karen a cinya. Sammani ya ɗora shi a amalanke har wurin malamin dabbobi a Ɗanbatta. Aka ce ciwon daji ne, ba ya warkewa, sai dai a rage masa raɗaɗi. Ƙwayar da aka ba shi tana kwantar da zafin, amma tana yamutsa ciki, sai amai da zawo, in ba an fara shimfiɗa mata abinci mai laushi ba. A wannan shekarar da gero ya fi ƙarfin mai noma shi, gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya, Nababa yana kallon amininsa, wanda shi kansa ciwo ya fara zuƙewa, yana firfita wa kare kunu. Shi kuwa Nababa da zazzaɓi ya kayar da shi da damina, "sannu" ya samu ta saman danga. Kishi yake da kare, ya sani, kuma sanin bai rage komai ba.

"Yana kiranka," Furera ta ce.

Nababa ya sunkuya ya shiga, ya zauna a gefen tabarma. Sammani ya koma kamar karan dawa. Nababa ya kai kunnensa kusa, yana jiran maganar gona, ko ta 'ya'ya, ko ta yafiya.

"Nababa. Ƙwayar tana aljihun rigata. Kar ka ba shi ciki ba komai."

"Wa?"

"Duna mana. Kunu tukuna, mai ruwa-ruwa, ban da tsamiya. Kaɗan-kaɗan. In ya zauna masa, sannan ƙwayar. In ya amayar, kar ka ƙara masa wata nan take, ka zauna da shi har ya lafa. Ba ya son yin amai shi kaɗai."

"Shi ke nan abin da za ka ce min?"

"Kai ai ƙalau kake." Sammani ya lalubo hannunsa. "Ka ɗaukar min alkawari?"

"Na ɗauka," in ji Nababa.

Ya ja karen da igiya ya zagaya da shi gidansa, Duna na ɗingishi yana waiwaye. A gindin darbejiya ya ɗaure shi. Kunu kuma? Wa ke da lokacin kunu, aboki na shirin tafiya? Ya buɗe bakin karen da kara, ya jefa ƙwayar, ya kakkaɓe hannu ya nufi ƙofa.

Bai kai zaure ba ya ji kakari. Duna ya durƙushe, ruwa rawaya na zuba daga bakinsa, jikinsa na karkarwa, ga ƙwayar nan a ƙasa ko narkewa ba ta yi ba. Ba ya haushi, wani ɗan siririn kuka yake yi, irin wanda zai iya tsallake danga ya shiga kunnen mara lafiya.

"Kai dai ka zame min jaraba," Nababa ya ce. Ya juya wajen matarsa. "Indo, akwai gari?"

"Na tuwon dare ne, Malam."

"Ɗebo hannu ɗaya. A cire a rabona."

Indo ta dube shi, ta dubi karen, ta hura wuta. Itacen ɗanye ne, ya yi ta hayaƙi kafin ya kama. Daga gidan Sammani aka fara jin muryar liman yana karanta Yasin. Nababa ya miƙe, karen ya sake kakari, ya koma ya tsuguna. Da kunun ya dahu sai da aka jira ya huce. Ya zuba a tsohon kasko ya tura masa, Duna ya kau da kai.

"Sha mana! Ko sai an yi maka kirari?"

Bai sha ba sai da Nababa ya rage murya, ya ɗora tafin hannu a wuyansa yadda ya sha ganin Sammani na yi. Duk rayuwarsa bai taɓa shafa kare ba. Ƙasusuwa ya ji a ƙarƙashin fatar, da zafi kamar na yaro mai zazzaɓi. Duna ya lasa sau ɗaya, ya huta, ya ƙara. Nababa na lissafi a ransa: in ya zauna masa, in ya lafa, sai ya ruga. Sammani zai jira. Ai tun suna yara Sammani ne mai nawa, ba ya gaggawar komai.

Karatun ya tsaya. Sai muryar liman, a hankali, tana maimaita kalmar shahada. Sai shiru. Sai salatin Furera ya tashi, sauran mata suka ɗauka.

Nababa bai motsa ba. Hawaye ya gangaro cikin furfurar gemunsa.

"Ka ga abin da ka yi min," ya ce wa karen. "Har wannan ma ka ƙwace."

Duna ya ɗaga kunne ɗaya, ya daɗe a haka, sannan ya kwantar da haɓarsa a kan ƙafar Nababa. Kunun bai dawo ba. Indo ta yafa mayafi ta fita. La'asar ta yi sanyi, mutane na ta wucewa ta ƙofar gida zuwa maƙwabta, shi kuwa yana tsugune, ƙafa ɗaya ta yi tsami bai janye ta ba, yana karkata kaskon don sauran kunun ya taru gefe guda.