Kwandon da Allura Ba Ta Taɓa Ba

Shekara goma sha tara Tham ta yi a kamfanin jatan lande na wani mai suna Loi, a bakin kogin Ca Mau, kuma da aikin nan kaɗai take riƙe da tsohuwarta. Kullum mata za su zauna a jere, kowacce da sirinjinta, suna ɗura wa jatan lande wani ruwa mai kauri kamar koko don ya yi nauyi a sikeli. Ƙazamin aiki ne, kowa ya sani, kowa ya ja bakinsa ya yi shiru.

Ranar walimar ƙarshen shekara Loi ya sa aka gyara teburin marigayi mahaifinsa, ga hoto ga turare, don a ajiye masa abinci kamar yadda aka saba. Babban baƙo shi ne jami'in duba abinci, wani mai tumbi da bai taɓa leƙa ɗakin aiki ba, amma walima ba ta wuce shi.

Da yake Tham ce babba a cikin matan, ita ke shirya farantin marigayin. Loi ya matso kusa da ita, ya rage murya.

"Yaya Tham, daga kwandon baya za ki ɗiba, wanda allura ba ta taɓa ba."

Ta dube shi sama da ƙasa. Mutumin da ke cutar dubban jama'a ko gezau, wai yau shi ne ke jin kunyar hoto. Raini ya cika mata ciki har ya danne tsoron kora.

"Maigida," ta ce yadda kowa zai ji, "wato mamaci ne ba a ba shi mai allura? Masu ran da ke saye suna ci fa, su ba 'ya'yan kowa ba ne?"

Jami'in ya ajiye tsinkayen cin abincinsa, ya ƙura wa farantinsa ido.

"Nawa fa, daga wane kwandon yake?"

"Na baya mana, ranka ya daɗe," in ji Loi.

Jami'in ya gyara zama ya ci gaba da ci. Iyakar binciken ke nan.

Loi bai ma bari an tashi daga walimar ba, ya ce ta ajiye musu rigar aiki ta kama gabanta. Ta bi ta gaban matan, babu wadda ta ɗago kai. Ta buɗe baki za ta kira su matsorata, sai ta fasa. Su ashirin da uku ne, kuma ita ce ta kama hannun kowacce ta nuna mata inda ake soka allurar.