Huɗuba a Wayar Aro

Malam Tijani tela ne a unguwar Maamobi da ke Accra, kuma ya daɗe yana riƙe da wata 'yar waya mai maɓallai, irin wadda samarin Nima, unguwar da ke maƙwabtaka da su, ke kira doya. Ba ta taɓa ba shi kunya ba, domin bai taɓa nemanta da abin da ya fi ƙarfinta ba. Ana nan sai autarsa Rafi'atu, da ke aure a Jamus, ta kusa haihuwa. Mijinta Hakim ya kira ya ce in namiji ne sun bar wa Malam huɗuba: za a kara waya a kunnen jariri, shi kuma daga Accra ya raɗa masa suna, ana ganin juna.

Girmamawa ce babba, don a ƙa'ida suna na dangin uba ne. Malam Tijani kuwa yana da sunan da ya ajiye tun tuni, Husseini, na mahaifinsa. 'Ya'yansa duk mata ne, jikokin da aka samu kuma dangin ubanninsu sun sa musu nasu sunayen, tsohon yana kwance a kabari ba takwara. Abin da ya rage kawai shi ne waya mai hoto.

Ya hau trotro, motar haya, ya tafi kasuwar waya ta Circle wajen Mas'udu, ɗan ƙanwarsa, mai shagon waya.

"Kawu, kar ka saya yanzu," in ji Mas'udu. "Sabo na hanya. In ya iso, wannan zai yi araha."

"To in jira in sayi wannan ɗin?"

"Haba Kawu, in sabo ya zo wa zai riƙe wannan?"

"To sabon zan saya ke nan."

"A'a. Sabo farkon fitowa bai da lafiya, sai an yi ta gyara. Na bayansa ake jira."

Malam Tijani ya dubi mutumin da sana'arsa sayar da waya ce yana hana shi sayen waya. Ya kasa gane ko amana ce ta yi wa Mas'udu yawa ko wani lissafi ne da ya fi ƙarfin tela. Saye a wani shago kuwa bai taso ba. In labari ya kai wa ƙanwarsa, sai an yi sallah biyu ba ta gaishe shi ba.

Ya kai maganar bes, dandalin da suke shan shayin ataya bayan la'asar. Nan kowa ya kai digiri a harkar waya. Sumaila, tsohon direba, ya ce, "Cale, abokina, saya yau! Kuɗinmu Sidi faɗuwa yake kamar mangwaro, gobe wayar ta fi ƙarfinka." Awudu mai nama ya ce ƙarya ne, a jira, sabuwar mai zuwa idon ɗaukar hoto huɗu gare ta.

"Ido huɗu na mene? Jaririn ɗaya ne," in ji Malam Tijani.

"Ai shi ya sa har yau kake riƙe da doya."

Wani ya ce da zarar sabuwa ta fito, masu ƙerawa kan danna wani abu daga can, tsofaffin su fara rarrafe. Wani ya ce ba wata sabuwa, riga kawai ake canza mata. Malam Tijani ya san yadi: shaddar bara ba ta daina zama shadda don an kawo ta bana. Ya faɗi haka, aka yi masa dariya, aka miƙo masa kofi na biyu.

A gida matarsa Mulikatu ta saurari bayanin duka tana tsince shinkafa, sannan ta ce, "Malam, ciki dai ba ya jiran kamfani."

Ya yi ta zarya tsakanin Maamobi da Circle. Rannan har ya zaɓi wata baƙa, ya sa hannu a aljihu, sai wani mutum da bai taɓa gani ba ya leƙo ya ce, "Baba, ba ka ji labari ba?" Ya ajiye ta. Har ya dawo gida bai san wane labari ba ne.

Rafi'atu ta haihu, namiji. Ana jibi suna Malam Tijani ya tafi Circle da niyyar ko wace iri ce a ba shi. Ya tarar da shago fayau. Mas'udu ya karyar da tsofaffin duka don ya sama wa sababbin wuri, sababbin kuma ba su iso ba.

Hakim ya ce wannan ba matsala ba ce. Dama a unguwar Alajo za a taru, gidan mahaifinsa Alhaji Abukari, kuma Alhaji yana da waya.

Da safiyar suna Alhaji Abukari ya tare shi tun daga ƙofa, ya zaunar da shi a kujerarsa ta kansa, aka kawo koko da ƙosai da goro fari. Falon cike da dangin Alhaji, mata kuma sun yi cincirindo a bakin ƙofa. Aka miƙo wayar. Tsohuwa ce, fuskarta a tsage, an ɗaure ta da roba.

"Gida gidanka ne, waya wayarka ce," in ji Alhaji Abukari.

Sai ga Jamus a tafin hannunsa. Ga Rafi'atu, ga Hakim, ga wani ɗan jan kunne an matso da shi. An buɗe murya yadda kowa zai ji. Malam Tijani ya yi kiran salla a hankali, ya yi addu'a, ya zo kan suna. Husseini ya taso har maƙogwaro. Ya ɗaga ido, ya ga Alhaji yana murmushi, ya ga dangi sun zuba masa ido. Yana zaune a kujerar mutum, wayar mutum a hannunsa, man ƙosan mutum bai bushe a yatsunsa ba, kuma ɗan ɗan mutumin ne za a raɗa wa suna. A Zongo ba a tashi da mutum don ya rasa kara a irin wannan wuri ba.

Ya ji bakinsa ya ce, "Sunanka Abukari."

Guɗa ta tashi a Alajo, ta tashi a Jamus. Liman ya ɗaga hannu, aka shafa Fatiha. Sai da aka gama shafawa tsaf, sannan Alhaji Abukari ya kamo hannunsa, idonsa har da ƙwalla.

"Haba Malam! Wannan kara ta yi yawa. Ai Hakim ya gaya mana sunan tsohonka za ka sa, duk mun yarda. Abukari huɗu gare ni a jikoki, na rasa yadda zan yi da su."

Malam Tijani ya ce ai duk ɗaya ne. Ya nemi ya kashe wayar, bai san inda ake dannawa ba. Ya shafa nan, ya shafa can, sai fuskarsa ta cika gilashin, ga tsagar ta raba ta biyu. Daga Jamus Rafi'atu tana ta cewa, "Baba, lafiya? Muna ganinka fa."