Lambar da ke Jikin Injin

Wajen ƙarfe uku na yamma ne, ana yayyafi irin wanda ba ya jiƙa mutum sai ya daɗe a cikinsa. Na shiga ɗakin karatu na makarantarmu ta koyon sana'a, na nemi kwamfutar can ƙurya, inda ba mai ganin yadda nake buga rubutu da yatsa ɗaya.

Washegari muke da jarrabawar aikin hannu. Kowa zai haɗa wayoyin injin jan ruwa a gaban malam, sannan ya kunna. Ranar da aka koyar da wannan darasi ina asibiti wajen jinyar Inna. In na ƙona injin sai maimaita shekara, ga shi maigidana na shago ya riga ya faɗa mini bana kaɗai zai riƙa sakina da yamma.

Na rubuta tambayata a intanet yadda aka koya mini tambayar manya. Na ce don Allah ni ɗalibi ne, gobe ina da jarrabawa, a taimaka mini da yadda ake haɗa injin ruwa. Amsoshi suka zubo kamar an kwance bakin buhu. Na buɗe ta farko, na ga zane mai kyau, na hau kwafa.

"Injiniya, wa ya zana maka wannan?"

Mai kula da ɗakin ce tsaye a kaina. Dattijuwa ce, tabarau a kan hanci. Ɗalibai suna kiranta Malama Shiru, don kalmar ba ta barin bakinta.

"Intanet ce, Malama."

"Intanet ba ta da hannu. Mutum ne ya zauna ya zana. Wane ne shi? Yaushe ya yi?"

Na duba sama, na duba ƙasa. Ba suna, ba shekara.

Ta sunkuya ta karanta tambayata, ta yi dariya har kafaɗunta suna rawa. "Har da don Allah! Saura ka tambaye ta ya gida, ya yara." Ta jawo kujera ta zauna. "In maigidanka ya aike ka sayen kayan gyara, tarihinka kake ba mai shago?"

"A'a, lambar abin nake faɗa masa."

"To je ka kawo mini lambar injin."

Na ratsa tsakar makaranta cikin ruwan. Ɗakin aiki a kulle yake, amma injin yana kusa da taga. Na zura wayata tsakanin ƙarafa na ɗauki hoton ɗan farantin ƙarfe mai ɗauke da lamba da ke jikinsa. Da na dawo ɗakin karatu ya yi duhu saboda hadari, na tarar tana dukan fitilar teburinta da tafin hannu, don sai an dake ta take kamawa.

Na miƙa mata wayar, ta ƙi karɓa. "Hannunka ne zai yi jarrabawa gobe, ba nawa ba. Buga."

Ta sa na goge dogon zancen nan kaf. Na rubuta lambar kaɗai, ta nuna mini alamar zance, ɗaya a gaba ɗaya a baya. "Wannan kamar ka kama kunnenta ne, ka ce wannan nake so, ba ɗan'uwansa ba." Na ƙara kalma biyu, zanen waya. Sai ga tulin nan ya tsuke, ya dawo 'yan kaɗan.

Zan taɓa na sama, ta buge mini yatsa. "'Yan talla ne, masu tare mutum a bakin kasuwa. Wuce ciki."

A ƙasa kaɗan muka sami takardar masu ƙera injin da kansu, ga sunansu, ga shekara. Na ajiye zanen da na kwafa kusa da nasu. Inda na sa baƙar waya, su shuɗiya suka sa. Ashe nawa na wani tsohon samfuri ne.

Na miƙe zan tafi da murna, ta ce in zauna. "Shaida ɗaya ba ta yanke hukunci. Nemo mini ta biyu." Wannan karon sai ta naɗe hannu tana kallo. Na daɗe ina lalube kafin na samo bidiyon wani malamin lantarki yana haɗa irin injin sak. Bakinsu ya zo ɗaya da takardar.

Ni dai ban taɓa ganin mai tambaya irin matar nan ba. Ba ta san komai a kan injin ruwa ba, da bakinta ta faɗa. Amma ta san inda ake tsayar da magana a tambaye ta daga ina ta fito.

Washegari na haɗa wayoyina a hankali, malam yana tsaye. Na kunna. Injin ya yi tari sau ɗaya, ya ɗauka, ruwa ya feso cikin bokiti. Malam ya gyaɗa kai ya wuce wajen na gaba.

Na biya ɗakin karatu in gaya mata. Na hango ta a ƙurya tsaye a kan wata ɗaliba, tana cewa, "'Yata, wa ya rubuta? Yaushe?" Ban katse su ba. Na zare filogin fitilar teburinta, na ciro sukudireba daga aljihu na buɗe shi. Waya ɗaya ce ta yi sako-sako. Na ɗaure ta, na mayar, fitila ta kama ba duka.

Wani ya yi tari kusa da ƙofa. Ba ta ko waiwayo ba ta ce, "Shiru!" Na ja ƙofar a hankali na fita.