Gashin Mama

Wani ɗan abu baƙi ya faɗo daga mataji kan farin ƙyallen da Auta ta shimfiɗa a cinyarta, ya kama tafiya. Ta danne shi da farce. Ƙwarƙwata ce, kuma a kan Mama.

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Mama, muryarta ta koma raɗa. Mai son jin maganarta sai ya sunkuya ya haɗa kai da nata. Haka jikoki suke yi in sun taso daga makaranta, su kwanta a matashinta suna ƙyalƙyala dariya. Auta, da ta ajiye karatun jami'a ta dawo jinya, ta san ƙwaron ba ya tashi, ba ya tsalle. Rarrafe yake daga gashi zuwa gashi in kai ya taɓa kai.

Matar Yaya ta ce ƙazantar ɗakin ce, ta hana yara shiga. Auta ta ce ɗakin nan ya fi falon wasu tsabta, a duba kan yaran tukuna. Yaya bai duba kan kowa ba, ya ce a aske wa Mama kawai.

Gashin nan kuwa shi kaɗai ciwon ya bar wa Mama yadda yake. Auta ta shafa magani, ta taje, ta bi ƙwai da farce har yatsunta suka sage, amma kullum sai ta samu saura. Nata kan ma ya fara ƙaiƙayi. Ta tamke ɗankwali, ba ta yarda ta sosa a gaban kowa ba. Ƙofa na motsawa, sai idon Mama ya firfito.

Da hantsi Yaya ya shigo da reza, ya tsaya nesa da gado. Leɓen Mama ya soma motsi.

"Me take cewa?"

"Zo ka ji da kunnenka, Yaya. Ni ba tafinta ba ce."

"Ke dai wannan bakin naki, Auta."

Ta ja gefe, ta ba shi wuri. Ya dubi matashin, ya dubi furfurar da ta bazu a kansa. Sai ya cire hula, ya durƙusa, ya kai kunnensa bakin Mama, rezar tana hannunsa.

Auta ba ta ji abin da Mama ta faɗa masa ba. Ya daɗe bai ɗago ba.