Ranar da Auta Ta Shiga Silin

Tun da ciwon gwiwa ya raba tsohon kafinta da tsani, sai ya koma duba rufin mutane daga ƙasa. Ko a mota yake, idonsa na sama: wancan an yi masa rowar katako, wancan kwanonsa ba zai yi ƙarko ba. Don haka da autarsa, wadda ke aikin jinya, ta ce ita da mijinta sun ga gidan da suke so su saya, bai jira an roƙe shi ba. Ya kafa hula, ya ɗauki sanda, ya riga su shiga mota.

Gidan ya yi kyau a ido. Falo mai faɗi, manyan tagogi, ga bishiyar mangwaro a bayan kicin. Dillali na gaba yana buɗe ƙofofi yana zuba yabo, suruki na biye yana ƙwanƙwasa bango kamar ya san abin da yake saurare. Tsoho kuwa ko kallon ƙasa bai yi ba. A lungun da ke tsakanin falo da kicin ya tsaya, ya ɗaga sanda ya nuna wani tabo a silin, mai faɗin faranti, wanda sabon fenti bai gama ɓoyewa ba.

Ya ce su kama hanya. Rufin da ya yi yoyo har ya bar wannan shaida, in ji shi, ruwa ya riga ya ci katakonsa, za su sayi gida ne yau gobe su kwance masa kai. Dillali ya shiga rantse-rantse. Jikin suruki ya yi sanyi, don ya riga ya zaɓi inda zai ajiye kujerarsa.

"Baba, daga ƙasa fa kake gani," in ji Auta. "A bari a leƙa tukuna."

Ya tambaye ta wa zai leƙa. Shi ga gwiwa, mijinta kuwa ko ƙwan lantarki zai canza sai an riƙe masa kujera. Suruki ya yi dariya, bai musa ba. Ana cikin haka dillali ya aro tsani a maƙwabta, amma kafin a tsayar da mai hawa, Auta ta miƙa wa mijinta jaka, ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta kunna fitilar waya, ta ture murfin silin ta shige.

Tsoho ya buɗe baki zai hana ta, sai ya ji takunta a sama. A kan katako take bi, ba ta ɗora ƙafa kan silin ko sau ɗaya ba. Bai tuna ya taɓa koya mata haka ba. Abin da ya tuna kawai yarinya ce da ke biyo shi wurin aiki lokacin hutun makaranta, ta zauna kan tarin katako tana miƙe lanƙwasassun ƙusoshi da dutse, tana damunsa da tambaya.

Ya daidaita murya ya fara tambaya daga ƙasa. Yaya rafta, katakan da suka tashi daga bango zuwa ƙololuwa? Ta ce a miƙe suke, masu kauri, an shafe su da baƙin mai, babu alamar gara. Na kwance da aka buga kwano a kansu fa? Ta ce ba a yi musu tazara da yawa ba. Zai tambayi ɗauri, ta riga shi: an ɗaure katako da bango da langalanga ta kowace kusurwa, iska ba za ta yaye shi ba. Daga nan ta kashe fitila don ta ga ko hasken rana na shigowa ta wata huda. Babu.

Da ta sauko, yanar gizo-gizo har a gira, sai ta sa aka zaga da tsanin baya. Ta hau daidai inda rufin falo ya haɗu da na kicin, inda aka lanƙwasa kwano ya zama magudana. Ta cusa hannu ta jawo ruɓaɓɓen ganyen mangwaro, dunƙule bayan dunƙule, tana watsowa ƙasa.

"Rufin nan lafiyarsa ƙalau, Baba. Magudana ce ta toshe, ruwa ya rasa hanya ya koma ciki. Katako ɗaya ya jiƙe, na soka masa mukulli bai shiga ba."

Tsoho ya karɓi wayar, ya daɗe yana kallon hotunan da ta ɗauka, ya matso da su kusa da ido, ya nisanta. Ya nemi abin da zai kushe bai samu ba.

"Ku saya," ya ce. "Ta fi ni gaskiya."

Sharaɗi kawai ya kafa: mai sayar da gidan ya canza allon silin da ya ɓaci, a rage reshen da ya rufe kwanon. Dillali ya amsa da sauri.

A satin nan babu wanda bai ji labari ba a layin masu katako. Shi da kansa yake farawa da cewa ya ce a tafi, ita ta ce a tsaya. Wani tsohon abokin aikinsa ya tsokane shi, wato dai yarinya ta kayar da shi a sana'arsa. Ya ce ƙwarai kuwa, kuma a gaban surukinsa, ya ci gaba da labarin daga inda aka katse shi.

Ranar gyara aka kai masa kujera gindin mangwaron. Kafintan da aka ɗauko ya zo ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambaye shi ta ina ya kamata ya fara. Tsoho ya nuna kicin da sanda, ya ce ya je ya tambayi matar gidan, ita ta ga ciki.