Ɗigo Huɗu a Tawadar Don Casimiro

"Kar ka hura mata iska, Dokta. Tawada ce, ba miya ba."

Na sauke takardar daga bakina. Don Casimiro yana kwance an jera masa matasai uku a baya, numfashinsa yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, amma hakan bai hana shi hango laifina daga ƙarshen ɗaki ba. Likita ya ce huhunsa ya gama aiki. Bai ce komai game da bakinsa ba.

"Ina so ta yi saurin bushewa ne," in ji ni.

"Ni da nake mutuwa ban yi sauri ba, sai kai?"

Doña Remigia ta yi dariya daga bakin taga, dariyar da ake rufe baki da hannu don kowa ya lura ana yin ta.

Mu uku gida ɗaya muke haya a nan birnin Sucre, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Don Casimiro ya yi shekara hamsin yana rubuta sunayen mutane a kan takardun shaidar gama karatu, har da tawa. Da na gama karatun lauya, wanda a nan shi ke sa a kira mutum Dokta, shi ya rubuta Leandro Ovando a jikinta, kuma har yau wannan sunan ne kaɗai abin da baƙi ke yabawa a ofishina. Shekara goma sha ɗaya na yi ina zuwa ɗakinsa kowace Asabar ina koyon hannu. Na sayi littattafai. Na san tarihin kowane harafi, na san wane ƙarni aka fara lanƙwasa wutsiyarsa.

Remigia kuwa salteña, ɗan burodi mai nama a ciki, take gasawa tana sayarwa a bakin ƙofa. A aji huɗu ta bar makaranta. Shekara biyu da suka wuce ta shigo ta ce a koya mata rubuta allon farashi, don nata ya yi kama da na mahaukata. Cikin wata shida tana jan layin da ni ban taɓa ja ba. Don Casimiro ya ce ai ba mamaki, matar da ta yi shekara talatin tana murɗa bakin ƙullu sau ɗari biyu kullum, duk iri ɗaya, hannunta ya riga ya yi karatu. Ban ga abin dariya a maganar ba, amma na yi dariya, don ni mutum ne mai tarbiyya.

Ranar da ya hana ni hura takardar ce ya faɗa mana abin da yake so. Ya daɗe da sayen ramin bango a maƙabarta, irin wanda ake sa akwatin gawa a ciki, layi na uku, mai ƙofar gilashi. Ba ya son allon tagulla.

"Duk garin nan ni na rubuta musu suna da hannu, sannan a ba inji nawa? Kati nake so a bayan gilashi. Da waccan."

Ya nuna kwalbar da ke kan kanta. Tawada ce mai ruwan ƙasa, mai duhu sosai, wadda masu yin ta suka daina yi tun kafin a haifi 'yar Remigia. Saura kamar yatsa biyu a gindin kwalbar. In ka zuba ta a alƙalami yadda take, sai ta fito kusan baƙa, ba ta da wani labari. Sai an sirka ta da ruwan sama take buɗewa. Yana da littafi guda cike da gwaji: ɗigo goma na tawada da ɗigo ɗaya na ruwa, goma da biyu, goma da uku, a kan takarda iri-iri, kowane shafi da kwanan wata. Launin da yake nema, in ji shi, shi ne na ɓawon burodi minti ɗaya kafin ya ƙone. Shekara arba'in yana cewa ya kusa.

Yana da doka kuma, wadda muka haddace kamar addu'a: ba a wuce ɗigo biyar. Da an wuce biyar tawada ta mutu, ta zama ruwan wanke kofi. Bai taɓa gaya mana wa ya kafa dokar ba. Daga baya na gane malaminsa ne, kuma shi ma bai taɓa tambaya ba.

"Kowa ya haɗa tasa, ya rubuta sunana, ya kawo ranar Alhamis da safe," in ji shi. "Wanda tasa ta yi, shi zai rubuta katin. Alƙalamin ma nasa ne."

Alƙalamin baƙi ne mai bakin zinariya, wanda gefensa ya cinye daidai da karkatar hannun mai shi. Sau biyu ya bar ni na riƙe shi a shekara goma sha ɗaya. Remigia kuwa na taɓa shigowa na same ta tana rubutu da shi, da garin fulawa a gwiwar hannunta.

"Baba, ni dai ka bar Dokta ya yi," in ji ta. "Shi ne mai digiri."

"Digirin nasa ni na rubuta. Na san abin da ke ciki."

Ranar Laraba da la'asar muka zauna a teburin tsakar gida, kowa da 'yar kwalbarsa da sirinji, tulun ruwan sama a tsakaninmu. Na haɗa goma da huɗu, bayan na yi kwana biyu ina nazarin littafin gwajin kamar takardun shari'a. Ita ta haɗa goma da uku, tana ƙirgawa a fili kamar mai ba da canji.

"Uku kawai?" na ce.

"Haka na ga yana yi ranar da yake cikin daɗin rai."

Ni ban san yana da ranar daɗin rai ba. Wannan ma na ajiye shi a zuciya.

Sai ta ɗaga hanci. "Wayyo, tanda." Ta ruga kicin, ta bar kwalbarta a buɗe.

Zan so in ce na yi ta gwagwarmaya da zuciyata. Ban yi ba. Na ɗauki sirinji, na zuƙi ruwa, na ɗiga mata huɗu. Na ƙirga su, don ni lauya ne, ko ɓarna zan yi sai na san adadinta. Uku da huɗu, bakwai. Biyu sama da kabarin tawada. Na girgiza kwalbar a hankali, na mayar da ita kan da'irar da ta bari a teburin, na koma ina goge bakin alƙalamina da fuskar mutumin kirki.

Ta dawo da salteña biyu a faranti, ta ajiye mini ɗaya. Na ci. Ta yi daɗi, abin haushi.

Ta cika alƙalaminta ta rubuta Casimiro Arancibia. A jiƙe, tawadar ta fito fayau, kamar shayin asibiti. Ta tsaya tana kallon takardar, sannan ta ɗaga kwalbar ta duba ta a hasken rana, ta ajiye.

"Ko in sake?" in ji ta, ba tare da ta kalle ni ba.

"Ya ce ba a yanke hukunci sai ta bushe," na ce. Gaskiya ce kuwa, ya sha faɗa.

Da safe muka shiga. Aka buɗe masa taga, aka ɗaga shi zaune. Ya karɓi tawa ya kai ta kusa da ido, ya juya ta, ya karkata.

"Goma da huɗu," in ji shi. "Shafi na sittin da wani abu. Ka kwafe ni tsaf, Dokta. Da ni nake nema da na duba madubi."

Ya karɓi ta Remigia. Na gyara tsayuwa, na shirya fuskar tausayi.

Na leƙa ta kafaɗarsa, sai na ga abin da dare ya yi wa takardar. Tsakiyar kowane harafi ya yi haske, ja-ja, kamar zuma, gefensa kuma, inda tawadar ta taru kafin ta bushe, ya yi duhu siriri kamar an zagaye shi da gashi. A gindin babban harafin farko duhun ya kwanta, sannan ya narke yana hawa. Ɓawon burodi ne, minti ɗaya kafin ya ƙone. Ko ni da ba na so in gani na gani.

"Ga ta," in ji shi a hankali. "Ashe nan take. Remigia, ɗigo nawa?"

Ta kalli takardar, ta kalli ƙasa, sannan ta kalli hannun rigata.

"Zan duba, Baba."

"Ki duba ki rubuta. Miƙo mata alƙalamin, Dokta, yana kusa da kai."

Ni na ɗauko shi daga kan kantar na miƙa mata. Karo na uku ke nan da na riƙe shi.

Na yi shari'u da yawa da na faɗi, amma ban taɓa yin wadda na ci kuma aka ba abokin hamayya kyautar ba. Abin da tsohon ya yi shekara arba'in yana nema, ni na samo shi cikin daƙiƙa biyar, da mugun nufi, kuma babu hanyar da zan ce nawa ne sai in ce ni ne ɓarawon. Kwana uku ina jin muryarta ta bango tana karanta masa jarida, yana gyara mata. Na shiga sau ɗaya na same shi da takardar a kan ƙirji, ya ɗora hannu a kai. Ya tambaye ni ko ana ruwa a waje. Na ce a'a. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe.

Ya rasu ranar Lahadi bayan azahar, ana buga ƙararrawar coci, Remigia tana ba shi ruwa da cokali. Ni ina ofis ina gyara wasiyyar wani.

Za a kai shi ranar Talata. Ranar Litinin da safe na leƙo ta taga na gan ta a teburin tsakar gida, ba ta kunna tanda ba. Abin da ya rage a 'yar kwalbarta ya bushe, don tsohon ya sa ta yi ta rubuta masa haruffa yana kallo har ta ƙare. Ta haɗa goma da uku. Ta haɗa goma da biyar. Ta jera takardu a rana, ta ɗora duwatsu a kai. Babu wadda ta yi. Babbar kwalbar kuma tana ta sauka, saura abin da bai kai yatsa ɗaya ba.

Na tsaya a bayan labule ina lissafi. In na yi shiru, gobe za a sa kati mai launin da ba shi ba a bayan gilashi, kuma ba wanda zai sani a duk Sucre sai ni da ita. Ita za ta sani duk ranar da ta kai masa fure. Na ɗanɗana wannan tunanin, ba zan ɓoye ba, ya yi mini zaƙi har wajen ƙarfe goma sha ɗaya.

Sai ta ƙwanƙwasa ƙofata.

"Dokta, ɗigo nawa?"

"Ban gane tambayar ba, Doña Remigia."

"Ka bar mini yaren kotu. Na auna ƙullu da ido shekara talatin, kana ganin ban san kwalbata ta ƙaru ba? Ranar ma na ga hannun rigarka a jiƙe."

"Me ya sa ba ki sake haɗawa ba a ranar?"

"Na ce bari in ga iya muguntar mai digiri." Ta share hanci da gefen gyale. "Tawadar saura gwaji biyu. Nawa?"

"Don in ɓata miki na yi."

"Na sani. Ba don ka gyara mini ba dai."

"Kin gaya masa?"

"Ranar Asabar. Ya matsa mini da tambaya, ni kuma ba na yi wa mai mutuwa ƙarya."

"Me ya ce?"

"Ya yi dariya har sai da na ɗaga shi ya yi tari. Ya ce shekara goma sha ɗaya, sai yanzu Dokta ya yi abu bai nemi izini ba."

"Shi ke nan?"

"Ya ce alƙalamin dai nawa ne, kar ka sa rai."

Na tsaya a bakin ƙofa ina neman abin da zan ji. Na so ya ce a kira ni. Yana da kwana guda cur da zai iya cewa a kira ni, bango ɗaya ne tsakaninmu. Ita ya gaya wa, ita ta ji dariyar.

"Huɗu," na ce. "A kan ukunki."

"Bakwai?" Ta riƙe baki. "Ai ya ce ba a wuce biyar."

"Ya ce."

Muka fita tsakar gida. Ta miƙo mini sirinjin, ta ce hannunta ba zai iya karya dokar ba, ni da na saba in yi. Na ɗiga goma daga tsohuwar kwalbar, sannan na ruwan sama, tana ƙirgawa a fili. Da muka wuce biyar ta rage murya. Ta cika baƙin alƙalamin, ta gwada a gefen takarda, ta goge tafin hannunta a zani, ta jawo katin. Na tsaya a kanta ina jira ta yi kuskure a wutsiyar harafin ƙarshe, inda ni kullum nake yi. Ba ta yi ba.

Sunan ya kwanta a jiƙe, fayau, kamar ba zai zama komai ba. Ta rufe alƙalamin ta sa a aljihun gaban rigarta, inda take ajiye ashana. Na sunkuya kan katin ban sani ba, har na tara iska a baki.

Ta sa yatsa ɗaya ta janye shi daga gabana, ta tura shi tsakiyar tebur inda rana ta faɗo. Muka zauna, ita a can ni a nan, ƙofar ɗakinsa a buɗe a bayanmu, muna kallon gefen harafin farko yana fara yin duhu.